Mallard: Kan jirgin ƙasan da ya tsira daga hannun 'yan gwangwan

Mutanen Garwa ba su san kukan jirgin ƙasa a garinsu ba, domin dogon da ya taso daga Yawunde a Ngaundere ya tsaya tun 1974. Abin da dattawa suka sani shi ne jiragen ruwa da ke hawo kogin Binuwai da damina, su kwashi gyada da auduga. Amma tarihin wani kan jirgi mai aiki da kwal da tururi a Ingila, mai suna Mallard, yana da darasi gare mu.

An ƙera Mallard ne a garin Donkasta a 1938, bisa zanen Injiniya Nigel Gresley. Saɓanin takwarorinsa masu faffaɗan goshi, shi an lulluɓe jikinsa da shuɗin ƙarfe sumul, gabansa ya zube kamar bakin gatari domin ya riƙa tsaga iska. Ranar 3 ga Yulin 1938 ya yi gudun kilomita 203 a awa guda, ya doke bajintar da Jamusawa suka kafa a 1936. Tsananin gudun ya sa wani ƙarfen injinsa ya ɗau zafi, dole aka cire shi a tashar Peterborough. Har yau babu jirgin tururin da ya kamo shi.

Da injinan dizal suka karɓe aiki, sai aka yi masa ritaya a 1963. Irinsa 35 aka ƙera. Bam ɗin Jamus ya lalata ɗaya a 1942, aka yanyanka 28 aka sayar da ƙarafansu, shida kacal suka tsira. Mallard na ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York, inda a 2013 aka haɗa duka shidan, har da biyun da aka ɗauko daga Amurka da Kanada.

Abin lura a nan shi ne, ba ƙarfinsa ya cece shi ba, hukuma ce ta ware shi tun kafin guduma ta kai kansa. To, mu fa? Tsofaffin injinan gurzar auduga da kayan tashar ruwan Garwa su ma tarihi ne. In ba a lissafa su an killace ba, ɗan gwangwan ba ya tambayar shekarun ƙarfe, sikeli kawai ya sani.