Kwaɗon da Kowa Zai Iya Rufewa

Kafin shekarun 1970, ilmin ɓoye saƙo kusan kayan sojoji ne da hukumomin leƙen asiri. Duk hanyoyin da aka sani a lokacin suna da cikas guda: dole mai aika saƙo da mai karɓarsa su riƙe mabuɗi iri ɗaya, kuma sai an kai wa ɗayansu wannan mabuɗi ta hannun amintaccen manzo. Gwamnati na iya ɗaukar wannan ɗawainiya. To, bankin da ke hulɗa da dubban mutane ta kwamfuta fa?

A shekarar 1976 ne Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford ta Amurka suka buga maƙalar da ta warware wannan ƙulli. Ka ƙaddara kana da kwaɗo, ka ajiye shi a buɗe a bakin kasuwa. Duk mai son aiko maka da sirri sai ya sa shi a akwati ya danna kwaɗon. Rufewa ba ta buƙatar mabuɗi, buɗewa kuwa sai kai kaɗai.

Bayan shekara guda, Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na cibiyar MIT suka ƙera irin wannan kwaɗo da lissafi, aka kira shi RSA. Sun dogara ne kan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Ɗan firamare ma zai ninka 53 sau 61 ya sami 3233. Amma a ba mutum 3233 a ce ya nemo lambobin da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. Idan lambar ta kai ɗaruruwan alƙaluma, kwamfuta kanta sai ta gaza.

Hukumar leƙen asiri ta NSA ba ta ji daɗin ganin wannan ilmi a fili ba. A 1977 wani ma'aikacinta ya rubuta wa ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE wasiƙa, yana gargaɗin cewa buga irin wannan bincike na iya saɓa wa dokar fitar da makamai zuwa ƙasashen waje. Maƙalar lissafi ke nan ta zama makami! A taron da aka yi a Jami'ar Cornell a watan Oktoba na shekarar, Hellman ya karanta maƙalun ɗalibansa da kansa, domin in shari'a ta taso ta same shi, kada ta lalata makomar matasan. Ba a gurfanar da kowa ba, bincike ya ci gaba.

Amfanin fitar da ilmin fili shi ne kowa na iya gwada ƙarfin kwaɗon. A 1977 ɗin dai, masu RSA suka sa ladan dala 100 ga wanda zai fasa wata lamba mai alƙaluma 129, suna tsammanin aikin zai ci miliyoyin miliyoyin shekaru. A 1994 'yan sa-kai kimanin 600 suka haɗa kwamfutocinsu ta intanet, suka fasa ta cikin wata takwas. Dole aka ƙara tsawon mabuɗai.

Sai a Disambar 1997 aka bayyana cewa ma'aikatan hukumar GCHQ ta Birtaniya sun riga kowa. James Ellis ya hango dabarar tun wajen 1970, Clifford Cocks kuma ya samo lissafin da ya yi daidai da RSA a 1973, amma aka kulle aikinsu a matsayin sirrin gwamnati. Ellis ya rasu makonni kaɗan kafin a yi wannan sanarwa.