Hunturu: Yadda magidanci zai zaɓi hitar ruwan da ba za ta cinye masa kati ba

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, aikin farko a gidajen Badarawa da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa shi ne ɗumama ruwa: na alwalar asuba, na wankan yara 'yan makaranta, da na maigida. Ga mai mita ta kati, a nan yunit ke fara zurarewa.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa N225 kowane yunit, kafin ya koma N209.5 a watan Yuli. Sauran rukunonin kamfanin Kaduna Electric suna biyan ƙasa da haka, amma ba sa samun wutar awa 20 da aka yi wa Band A alkawari.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗumama bokiti mai lita 20 daga digiri 20 zuwa 40 yana cin kusan rabin yunit, ko da wace irin hita aka yi. Gida mai mutum shida zai ƙona kusan yunit uku kullum, wato kusan N18,000 a wata a farashin Band A. Yawan wat da ke rubuce a kwali saurin hitar yake nunawa. Abin da ke cin kuɗi shi ne yawan ruwan da aka ɗumama, da tsawon lokacin da aka bar hitar a kunne.

Hitar da ake tsomawa a bokiti ita ce mafi arha, amma ita ce mafi haɗari, musamman a gidan yara: sa hannu a ruwan tana jone na iya hallaka mutum. Mai tanki, irin ta Ariston, tana riƙe zafi bayan an ɗauke wuta, don haka ta dace da layin da wutarsa ke zuwa da dare. Sai dai idan aka bar ta a kunne yini guda, takan riƙa sake ɗumama ruwan da ba wanda ya taɓa. Mai lita 15 ko 30 ta wadaci ƙaramin gida, tunda sirkawa ake yi.

Wadda ke ɗumama ruwa nan take ba ta wannan asarar, amma tana jan wat 3,500 ko fiye, tana buƙatar waya mai kauri da ruwa mai ƙarfin gudu, kuma ba ta jure raunin wuta. Mai amfani da hasken rana tana da tsadar saye, amma ba ta taɓa kati, kodayake ƙurar hunturu na rage mata ƙarfi in ba a goge ta.

Kafin magidanci ya nufi Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya ƙidaya bokitan da gidansa ke amfani da su, ya kuma lura da lokacin da ake kawo wuta. Sannan ya ware kuɗin ƙwararren mai wayarin da zai haɗa mata wayar ƙasa da makunninta na daban a wajen banɗaki.