Sayen Na'urar Sanyaya Ɗaki Mai Rahusa: Abin da Magidanci Zai Duba a Birnin Kudu da Gwaram

Na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da iyakwandishan, zafin cikin ɗaki take kwashewa ta zubar a waje. Wani gas ne yake zagayawa cikin bututun tagulla, ya ɗebi zafi daga ciki, sai kwamfareso ya matsa shi ya tura shi ɓangaren waje, inda fanka take huce shi. Kwamfareson nan shi ne ke cin mafi yawan wuta, shi ne kuma ya fi tsada idan ya ƙone. Nau'o'in da ake samu a kasuwa su ne ta taga, wadda ake huda bango a cusa. Da mai gida biyu, wadda rabinta ke maƙale a bangon ɗaki rabi a waje. Da tsayayya ta manyan faluka da masallatai. Sai kuma dunƙulalliya.

Dunƙulalliyar ita ce babban akwatin ƙarfe da aka haɗa komai a cikinsa, ana girke shi a kan rufi ko a gindin gini, iska tana shiga ɗakuna ta manyan bututu da aka shimfiɗa cikin silin. A Amurka ta yi yawa a gidaje, musamman a jihohin kudu, kuma da tan ake auna ƙarfinta: tan ɗaya BTU 12,000 ne a awa, ta gida kuwa takan kama daga tan 2 zuwa 5. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da zaren ɗumama iska mai aiki da lantarki, mai cin kilowat 5 ko 10 ko 15, domin na'ura ɗaya ta yi aikin zafi da na sanyi. Irin wannan takan shigo cikin kayan gwanjo, ko a ciro ta daga wani ofis a sa ta a kasuwa da farashin da zai ja hankali.

Ga gida irin na Birnin Kudu, ko Gwaram, ko Sara, da wuya ta dace. Gidajen ba a gina su da hanyar bututun iska ba, shimfiɗa shi daga baya kuwa aiki ne da zai iya lashe fiye da kuɗin na'urar. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya sau 50, a kan bolt 230. Kwamfareson da aka ƙera don waccan wuta yana rage gudu a nan, sanyinsa ya ragu, wani ma ya yi ta zafi har ya mutu. Zaren ɗumamar kuwa shi ne babbar matsala. Mai kilowat 10 yana jan amfiya kusan 43 shi kaɗai, nauyin da wayar yawancin gidaje da mitarsu ba za su ɗauka ba, balle janareta. Manyan dunƙulallun na'urorin ma wuta mai layi uku suke bukata.

Sannan akwai tambayar ko ana ma bukatar ɗumamar. Sanyin hunturu a kudancin Jigawa yana kamawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma tsananinsa na tsakar dare ne da asuba. Da hantsi ya ɗaga an cire rigar sanyi. Zafin bazara kuwa daga Maris har saukar damina yake, a Afrilu yakan haura digiri 40, ɗakin kwano ya hana barci har bayan sha biyun dare. Saboda haka kuɗin magidanci wajen sanyaya ya kamata ya tafi. Wanda yake da tsoho ko jariri ko mai asma a gida, kuma yana son na'ura ɗaya ta yi aiki biyu, ya nemi mai gida biyu wadda take juya aikinta ta ɗebo ɗumi daga waje ta shigo da shi. Ita tana ba da ɗumi kusan ninki uku na wutar da ta ci, alhali zaren lantarki abin da ya ci shi yake bayarwa, babu riba. Ba kowane shago ne yake ajiye irinta ba, domin yawancin waɗanda ake kawowa Najeriya sanyi kawai suke yi, sai an duba takardar na'urar an ga an rubuta duka biyun. In ba a samu ba, ƙaramar hita mai kilowat ɗaya ta ishi ɗaki guda, muddin an nisanta ta da labule da katifa, aka kuma kashe ta kafin barci.

Abin da bai kamata ya maye gurbinta ba shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da kasala take fara jawowa, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Hayaƙin janareta ma ita yake ɗauke da ita, don haka ba a ajiye janareta a soro ko baranda ko gindin taga, ko da ana tsoron ɓarawo. Wanda aka samu a galabaice a fito da shi iska nan take, a wuce da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibiti mafi kusa.

Kafin a je shago, wutar gidan ake fara dubawa. Kamfanin KEDCO ne yake raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, hukumar NERC kuma ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya ya zauna a kan naira 209.5 a watan Yuli na shekarar. Da wannan farashin, na'urar da take cin kilowat 1.1, idan ta yi awa takwas a dare, ta sha yunit kusan 9, wato 270 a wata, sama da naira 56,000. Lissafin ya ɗan yi sama, tunda kwamfareso yakan huta idan ɗaki ya yi sanyi, amma ya isa ya nuna cewa kuɗin wutar bazara biyu ko uku zai iya kamo kuɗin sayen na'urar. Zaren ɗumama mai kilowat 10 kuwa a awa uku kacal zai sha yunit 30. Wanda ba ya rukunin A yana biyan ƙasa da haka, sai dai shi kuma a janareta yake cike giɓin, man fetur kuwa tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda yake.

Ƙarfin wutar ma abin dubawa ne, wataƙila ma ya fi awanninta muhimmanci. Unguwar da taransifoma ɗaya take ɗauke da gidaje da yawa, da magariba wuta takan yi ƙasa, ƙwan fitila ya yi ja, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. A irin wannan wuta kwamfareson gargajiya yakan yi ta gurnani ya kasa tashi, yana jan wuta yana zafi, haka ake ƙona shi. Lokacin tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci idan ya daidaita, shi ya sa janaretan da yake ɗaukar firji da talabijin yakan shaƙe da zarar an kunna iyakwandishan. Mai inbata ba ta wannan fizgar: a hankali take tashi, idan ɗaki ya yi sanyi ta rage gudu maimakon ta mutu ta sake tashi, wasu kuma suna da maɓallin rage cin wuta don ƙaramin janareta ko sola. Ta fi tsada a shago, allon lantarkin cikinta kuma ba ya son wuta mai hawa da sauka, gyaransa ba na kowane makaniki ba ne. Duk da haka, ga mai mitar kati ko mai sola, ita ce mai rahusar gaskiya. Kowacce aka saya, sitabilaiza ko na'urar da take yanke wuta idan ta yi sama ko ƙasa tana cikin kuɗin saye. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira minti uku kafin a kunna.

Girma kuma da faɗin ɗaki ake auna shi. 'Yan kasuwa da ƙarfin doki suke magana: doki ɗaya BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu 18,000. Ɗaki mai ƙafa sha biyu-sha biyu doki ɗaya ya ishe shi, babban ɗakin kwana ɗaya da rabi, falo biyu. Ɗakin da yake kallon yamma, ko mai kwano babu silin, ko wanda mutane suke cika, a ƙara masa. Amma wadda ta fi ƙarfin ɗaki ita ma asara ce: tana sanyaya iska da sauri ta mutu kafin ta tsotse danshi, a damina a ji ɗaki da sanyi amma jiki yana danƙo. Sau da yawa sa silin, da toshe ƙasan ƙofa, da labule mai kauri, da inuwar darbejiya a yammacin gida, suna sa ƙaramar na'ura ta yi aikin babba. Ginin ƙasa mai kaurin bango ma ya fi na bulo riƙe sanyi.

A jikin ɓangaren waje akwai wata takarda da aka manna, wadda mafi yawan masu saye ba sa karantawa. A nan ake ganin bolt, da 50Hz ko 60Hz, da wat ɗin da take ci, da irin gas, da ajin yanayi. Ajin T1 an gwada shi a zafin digiri 35, iyakarsa 43. T3 an gwada shi a 46, yana jurewa har 52. Rana tsaka a Afrilu, jikin bangon da rana take duka yakan wuce iyakar T1, sai na'ura ta riƙa yankewa daidai lokacin da aka fi bukatarta. Ga gas kuwa, R22 tsohon yayi ne, ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ƙasashe masu tasowa za su daina amfani da shi zuwa 2030, don haka samunsa zai yi ta wuya. Sababbin na'urori R410A ko R32 suke amfani da shi. Ba a gauraya wani da wani, kuma R32 yana iya kamawa da wuta, bai kamata a yi walda a bututunsa ba sai an kwashe shi. Wata alamar ita ce tambarin taurari na hukumar SON: yawan taurari, ƙarancin cin wuta.

Arha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a kayan gwanjo maganar ta fi fitowa. Ana samun nagari a cikinsu, amma ana samun wadda aka yi wa fenti aka cika da gas na kwana biyu. Mai saye ya sa a kunna ta a gabansa aƙalla minti ashirin, ya sa hannu ya ji iskar ciki da sanyi, ta waje da zafi, ya saurari kwamfareso. Maiƙo a mahaɗar bututu alamar yoyon gas ne, ƙanƙara a kan siririn bututu kuma alamar gas ya yi ƙasa. Sabuwa kuwa, ko LG ce, ko Hisense, ko Midea, ko Panasonic, ko Thermocool, a karɓi rasit da katin garanti mai lambar na'urar, a gwada lambar da ta jikin kwali. A kuma tambayi inda ake gyara da samun kayan gyara, domin daga Gwaram garantin da sai an kai na'ura Dutse ko Sabon Garin Kano yana da kuɗin mota a kansa.

Na'ura mai kyau takan lalace a hannun mai haɗawa. Bututun ya zama na tagulla. Na alminiyam da aka rina ya fi arha, amma yana saurin tsagewa. Kafin a saki gas sai an zuƙe iskar cikin bututu da injin zuƙa, aikin da masu gaggawa suke tsallakewa, danshin da ya rage kuwa yana cin kwamfareso a hankali. Na'urar ta samu layinta daga akwatin wuta, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ga doki ɗaya ko ɗaya da rabi, 4 ga doki biyu, da makunninta, da wayar ƙasa. Jona ta a soket ɗin talabijin ko doguwar waya ta tafi-da-gidanka yana cikin abubuwan da suke haddasa gobara. Ɓangaren waje a ɗaga shi daga ƙasa saboda awaki da ruwan damina, a sa shi a inuwa, a bar masa sarari ya sha iska; kejin ƙarfe na tsaro ya zama mai faɗin raga.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar ciki da haƙarƙarin waje. Matata a wanke ta da ruwa duk mako biyu lokacin da ake amfani da na'urar, ɓangaren waje kuma a wanke shi a ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya kankama. Gas ba ya ƙarewa kamar mai. Duk na'urar da take neman ƙari kowace shekara yoyo take yi, sai a nemo wurin a toshe. Saita ta a digiri 24 zuwa 26 tare da fanka yana rage cin wuta sosai a kan 16.

Gidan da wutarsa ba za ta ɗauki iyakwandishan ba yana da wata mafita, wato fanka mai ruwa, wadda take hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Wat 100 zuwa 200 take ci, ƙaramar sola ma tana ɗaukarta. A Maris da Afrilu, lokacin da iska take a bushe, tana aiki sosai idan an bar taga a buɗe. Daga ƙarshen Mayu, da danshi ya shigo gabanin ruwa, sanyinta yakan ragu, sai a kashe famfon ruwan a bar ta a matsayin fanka. Tankinta yana son wanki da sauya ruwa duk 'yan kwanaki, don kada ya yi gansakuka ko ya tara sauro.