DABINO A ƘASAR RIMA: ITACEN ADO NE, KUMA ABINCI

Duk shekara idan watan azumi ya kama, dabino yakan yi tsada a kasuwannin Wurno da Rabah da Goronyo, gama yawancinsa daga nesa ake kawo shi, daga ƙasar Asben da Bilma a Jamhuriyar Nijar, wani ma daga Aljeriya. Abin mamaki shi ne, itacen nan yana son irin ƙasar Rima. Bukatarsa ita ce rana mai zafi, da rani mai tsawo, da ruwa kusa da saiwa. Ga su kuwa duka a bakin fadamar da ta bi ta Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, aka kuma binne shi a 1837. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984, ta ƙara sauƙaƙa ban-ruwa da rani.

Mutane da yawa sukan shuka dabino a ƙofar gida, ko harabar ofis da makaranta, don ado kaɗai. Sai ya yi shekara goma bai ba da ko ƙwaya ɗaya ba, mai shi ya ce ƙasar ce ba ta karɓe shi ba. Laifin ba na ƙasa ba ne. Dabino yana da namiji da mace, kuma macen ce kaɗai ke haihuwa. Wanda ya binne ƙwallo ya yi caca, domin kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, ba a kuwa gane su sai sun yi fure.

Hanyar da ta fi ita ce a ciro ɗan da ke tsirowa a gindin uwa wadda aka san zaƙinta, gama shi yakan gaji halinta sak. A dasa shi a ƙasa mai rairayi inda ruwa ba ya kwanciya, a bar tazarar mita 8 zuwa 10, a riƙa ba shi ruwa da taki. Cikin shekara 4 ko 5 yakan soma 'ya'ya. Idan fure ya buɗe, sai a yanko na namijin a ɗaura cikin na macen. Ta haka namiji ɗaya yakan ishi mata 40 zuwa 50. Lalle ne kuma a sare ƙayoyin da ke gindin ganye, musamman inda yara ke wasa.

Amfaninsa ba ɓoyayye ba ne. Da shi ake buɗa baki, ana raba shi tare da goro wurin ɗaurin aure da suna, ana niƙa shi cikin kunun aya ya tsaya a madadin sukari. Busasshensa kuwa yakan yi watanni bai lalace ba.

Akwai tashar binciken dabino a Dutse ta Jihar Jigawa, inda malaman gona za su iya neman iri da shawara. Ya kamata shugabannin makarantu da na ƙananan hukumomi su tuna da wannan idan lokacin dashen itatuwa ya zo. Ɗalibin da ya dasa a ajin farko na sakandare yana iya ɗanɗana 'ya'yan kafin ya fita.