Haƙoran Kifayen Teku A Duwatsun Sakkwato

'Yan'uwa, farin dutsen da ake haƙowa a Kalambaina ana yin siminti da shi, asalinsa laka ce ta ƙarƙashin teku. Masana sun tabbatar da cewa shekaru kusan miliyan 60 da suka shuɗe, ruwan gishiri ya rufe ƙasar Sakkwato har Malbaza ta Nijar.

Shaidarsu tana cikin duwatsun yankin. A 1934 wani Bature, Errol White, ya bayyana haƙoran kifin shak da na wani kifi faffaɗa kamar faifai, wanda ya sa wa sunan Wurno. Irin waɗannan jikinsu guringuntsi ne, yakan ruɓe, galibi haƙora ne ke saura. Kifi mai ƙashi kuwa yakan bar ƙasusuwansa.

Tun tuni Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗa cikin Kitabus Shifa cewa tudu ya taɓa zama teku.

To, muna roƙon masu haƙa da ma'aikatan hukuma: in an tsinci irinsu, a miƙa wa jami'a. Haƙorin da aka niƙa ya tafi ke nan. Allah Ya ƙara mana sani, amin.