Fidar Roba, Ruwan Zafi da Jariran Faru

Ranar Talata, idan kasuwar Talata Mafara ta cika, za ka ga fida jere a teburin 'yan koli kusa da soso da man shafawa, wasu shuɗaye, wasu da zanen zomo a jiki. Kusan duk na roba ne, da yawa ma babu sunan kamfani, balle bayanin irin robar. Daga nan ake kai su Faru da Bakura da Maradun, sau da yawa cikin kayan barka.

Matsalar roba tana farawa ne lokacin da ta haɗu da zafi. Tsohuwar robar fida, mai tauri, garau kamar gilashi, tana ɗauke da sinadarin BPA, wanda ke narkewa cikin madara ya kwaikwayi sinadaran da ke tafiyar da girman jiki. Kanada ce ta fara haramta shi a fidar jarirai, Tarayyar Turai ta bi a 2011, Amurka a 2012. Kamfanoni suka koma wata robar, mai lamba 5 a gindin kwalba. Sai ga shi a 2020 masana a Kwalejin Trinity da ke Dublin sun wallafa a mujallar Nature Food cewa ita ma, idan aka zuba mata ruwa mai zafin digiri 70 aka girgiza, tana iya sakin ɓurɓushin roba har miliyan 16 a lita guda. Masanan sun ce ana kan binciken illar wannan ɓurɓushi ga jariri. Amma wace uwa ce za ta so a gwada da ɗanta?

Kada kuma a ce maganin shi ne a dama da ruwan sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan haɗa madarar gari kada ya gaza digiri 70, domin garin kansa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Zafin dole ne. Mazubin ne za a sauya.

Mutanen Zamfara ba sa buƙatar dogon wa'azi kan gubar da ido ba ya gani. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, yara wajen 400 suka rasu da gubar dalma, saboda ana daka dutsen zinare a cikin gida, a inda ake daka hatsi, a inda yara ke rarrafe. Robar fida ba ta kai nan ba, ko kusa. Sai dai tun daga lokacin mun san cewa abin da abincin yaro ya taɓa yana bin sa har ciki.

Fidar gilashi ta fi ta roba: tana jure tafasa, ba ta riƙe wari, datti ba ya ɓuya a cikinta. Sai dai tana da tsada da nauyi, kuma a gidan da yayye ke ɗaukar ƙanne, fashewa ba ta da wuya. Wanda ya samu ya zaɓi marar fenti, ya riƙa duba bakinta ko ya tsage.

A ganina, abin da ya fi dacewa da Faru yana cikin kwanukan kowace amarya: ƙaramin kofin silba, wanda ba ya tsatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna fifita kofi a kan fida, kuma dalilinsu tsafta ce. Kan fida, wannan roba mai taushi da jariri ke tsotsa, nan ne madara ke maƙalewa ta yi tsami, ƙuda ya sauka, gudawa ta biyo baya. Tafasa shi kafin kowace shayarwa sai da itace da ruwa, biyun kuma kuɗi ne, musamman ga iyalan da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Kofi kuwa yatsa na kaiwa ko'ina a cikinsa. A guji dai kwanon da fentinsa ya ɓare, da wanda aka ƙera daga narkakken tarkacen ƙarfe. A guji ludayi ma, domin yana tsotse madara a jikinsa.

Nonon uwa zalla har wata 6 shi ne asali, duk da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Najeriya ke samun haka. Kofi na maraya ne, da tagwayen da nono bai isa ba, da ɗan da uwarsa ke kwance. Kuma ba ɗura ba ne. A zaunar da jariri a cinya, a tallafe kansa, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har madara ta taɓa leɓen, shi zai lasa da kansa. Ba a zuba masa a baki, ba a toshe masa hanci.

Wadda fidar roba kawai take da ita, ta dama a kofin silba, ta bari ya huce, sannan ta juye. Idan fidar ta dishe ko ta yi karce a ciki, a jefar da ita.