Wa Ya Ce Tsufa Takaba Ne?

Idan za a haɗa lefe a Kano, ba amarya ake turawa Kantin Kwari ba. Gwaggo ake ɗauka, wadda za ta murza bakin atamfa da yatsu biyu, ta juya bayanta ta ga ko rinin ya ratsa, sannan ta ce wa mai shago, "Alhaji, wannan ba Holan ba ce, ɗauko mana ta ciki." Tun 1846 kamfanin Vlisco yake buga yadi a garin Helmond na ƙasar Holan, yau kuma jabu ya cika kasuwa, amma idon da ya shekara arba'in yana zaɓen zane ba ya ruɗuwa.

Sai ranar biki ka tarar da gwaggon nan a lungu cikin koɗaɗɗen hijabi. In ta kuskura ta kashe ɗauri ta zizara kwalli, za a sami mai cewa, "Hajiya, in an girma a san an girma," ko "Wa kuma za ki yi wa?" Sau da yawa 'ya'yanta ne ma ke faɗa. Wannan magana tana ci mini rai, domin ta ɗauka ado tarko ne na kama miji, wanda ake naɗewa in an gama haihuwa.

Addini bai ce haka ba. Matar da mijinta ya rasu ce aka hana turare da ado, shi ma na wata huɗu da kwana goma, sai mai ciki da ke fita da haihuwa. Mu ne muka ja takaba har ƙarshen rai, muka kuma ɗora ta a kan waɗanda mazansu ke raye. Wata tun da ta fita takaba ba ta sake buɗe akwatinta ba, leshi da sarƙa duk ta rabar, a hankali har zuwa suna da biki ta daina.

Jiki yana canzawa, babu musu. Bayan ɗaukewar al'ada fata tana bushewa tana yin sirara, shi ya sa man kaɗe ya fi mata alheri nesa ba kusa ba a kan man bilicin, wanda ke ƙara cinye ta. Jan lalle na gargajiya yana mayar da furfura ja mai kyau, baƙin da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi kuwa yakan tayar da ƙuraje. Gwiwa ta daina ɗaukar takalmi mai tsini, to akwai fulat mai kyau.

Teloli ma da laifinsu: ko ɗinkin 'yan mata mai kame jiki, ko buhu, kamar babu komai a tsakani. Alhali Ngozi Okonjo-Iweala tana da shekara 66 ta hau kujerar Hukumar Ciniki ta Duniya a 2021 da atamfarta da ɗaurinta, har mata suka riƙa kwaikwayon ɗaurin suna ɗaukar hoto. A Maiduguri da Injamena kuwa, dattijuwa takan naɗa lafaya ta turara ta da turaren wuta, ta shafa humra, in ta shigo taro 'yan mata su matsa mata wuri suna tambayar wa ya haɗa mata.